Yadda Aka Ɗaure Wuyan Liman a Hanyar Bilbis

Da ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Talata, a farkon watan Zulƙida, muna tsaye a bakin hanyar mota ta Bungudu mu uku: ni, da surukina Malam Haruna, limamin ƙauyenmu da ke bayan Kekun Waje, da na'ibinsa Malam Isiyaku, wanda ya rako mu ya koma. Na san lokacin domin ina da agogo, kuma ina duba shi.

Tun da muka dawo ba a bar ni na huta da tambaya ba. A kasuwa a tare ni, a ƙofar masallaci a tare ni. Wasu sun ce wuyan Liman karyewa ya yi aka ɗora, wasu sun ce iska ce ta shafe shi a gindin dutsen Kwatarkwashi. Duka ba haka ba ne. Ni malamin yaƙi da jahilci ne, karatuna bai wuce elementare ba, amma abin da na gani da idona ina iya jera shi bi da bi. Ga shi nan kamar yadda ya faru.

Abin da ya fitar da mu ta'aziyya ce. Wani malami a Bilbis, abokin karatun Liman tun suna samari, ya rasu. 'Ya'yan Liman maza suna gona, damina ta kankama, sai aka ce ni in raka shi tun da na san sha'anin mota. Na amsa, amma ban yi murna ba. Shekara shida ina auren 'yarsa ta fari, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, shi kuma bai taɓa kiran sunana ba. Wanda ya san wannan ya san irin tafiyar da ke gabanmu.

Daga Bungudu zuwa Gusau ba abin faɗi. Aka ba Liman gaba kusa da direba, ni na hau baya na zauna a kan benci. A tashar Gusau muka sauka jiran motar Tsafe. Gusau ba ta jiran kowa. Jirgin ƙasa yana kuka, mutanen kudu suna sayar da burodi, na ga mutum da gemunsa yana shan shayi a tsaye, yana magana da cikakken baki. A garinmu ko fura ce sai ka sami wuri ka tsuguna. Yunwa ta kama ni, na sayi ƙosai na zagaya bayan wata mota don kada Liman ya gan ni. Ina kai na biyu baki sai na hango shi a ɗaya ƙarshen motar, ya juya baya yana cin dabino don kada in gan shi. Muka haɗa ido. Kowa ya juya, kuma har yau ba wanda ya ta da maganar.

Ƙarfe goma sha ɗaya muka tashi daga Gusau. Liman a gaba, ni a baya tsakanin buhunan gishiri da wata mata mai kwandon kaji. Muna wuce Kwatarkwashi ruwa ya sauko, ya yi kamar sa'a guda ya ɗauke. Kafin a shiga Tsafe akwai shinge. In an yi ruwa akan gicciya itace a hanya har ƙasa ta sha iska, don kada manyan motoci su farfashe ta. Wani tsoho ke tsaron wurin, da jar tuta da butarsa. Direbanmu ya tsaya, ya kashe mota, ya leƙo yana roƙon tsohon.

"Baba, ai hanyar ta bushe."

"Ta bushe a idonka. Sauko ka taka ka gani."

Suna cikin haka wata mota mai ɗauke da itace ta taho daga baya. Direbanta ya taka birki, laka ta ƙi riƙe ta, ta silalo ta bugi bayan tamu. Bugun ba mai ƙarfi ba ne, fitila ɗaya ce kawai ta fashe. Amma ni ji na yi kamar an fizge bencin daga ƙarƙashina an bar kaina a baya, sa'an nan kan ya dawo gaba har haɓata ta bugi ƙirji. Kaji suka watse cikin gona. Direbobin biyu suka kama zagin juna. Na diro na zagaya gaba da sauri, na tarar rawanin Liman ya faɗa bayan kujera, yana lalubensa.

Direba ya dawo ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, ba ku ji ciwo ba?"

"Ko kaɗan. Rawani ne kawai ya riga ni sauka."

Aka yi dariya. Ba jini, ba karaya, ba wanda ya suma. Liman ya ja mutanen motocin biyu azahar a gefen hanya, ya yi ruku'u da sujada kamar kullum. Na faɗi wannan ne don a gane cewa ciwon nan ba ya nuna kansa ranar da ya shiga.

Da la'asar aka ɗage itacen muka shiga Tsafe. Muka sauka a zauren wani mai saukar baƙi, Malam Audu, mutum mai fara'a da yawan magana. Mutanen Tsafe ba sa jira a gama gaisuwa kafin su ajiye maka fura, kuma miyar kukarsu ta fi tamu daddawa. Aka kai wa Liman tuwonsa cikin zaure, ni na ci nawa a waje.

Da asuba na farka na ji wuyana kamar an dasa mini turke. Ciwon kai ya taso daga ƙeya ya zagayo har girare, kafaɗuna sun yi nauyi, in na tashi da sauri jiri ya ɗebe ni. Na lallaɓa na yi alwala. Aka ta da salla, Liman ya shiga gaba. Ya yi ruku'u da ƙyar. Da ya zo sujada sai ya tsaya a durƙushe, goshinsa ya ƙi kai ƙasa. Ya ja da baya, ya miƙa hannu ya jawo Malam Audu ya ƙarasa mana. Kowa ya san hukuncin: wanda ba ya iya sujada ba ya jan masu iyawa.

Hantsi bai yi ba zaure ya cika da masu dubiya. Aka aika wani ƙauye aka kira maɗori. Ina so a yi wa mutumin nan adalci, domin ya san aikinsa. Ya bi ƙashin wuyan Liman da yatsa gaɓa gaɓa, ya ce, "Ƙashi lafiya yake. Jijiya ce ta sha wuya. A gasa masa da ruwan ɗumi." Ya fara naɗe jakarsa.

Sai wani dattijo ya ce, "Shi ke nan? Liman guda, baƙon gari, a taso ka tun daga ƙauye ka ce ruwan ɗumi?"

Malam Audu ya ce, "A dai yi masa wani abu da ido zai gani."

Maɗorin ya dubi jama'a, ya sake kwance jaka. Ya yanka karan dawa tsawo ɗaya, ya jera su kewaye da wuyan Liman daga haɓa zuwa kafaɗa, ya naɗe da tsumma, ya ɗaure da igiyar rama. Da yake ɗori kwana arba'in yake yi, sai ya ce kwana arba'in, kada a bari ya waiwaya. Kowa ya gamsu. Ni na lissafa a zuciyata na ga arba'in ɗin sai bayan Babbar Salla za su cika. Nawa wuyan kuwa ba wanda ya tambaya, ni ma ban faɗa ba. Suruki ba ya kukan ciwo a gaban uban matarsa.

Kwana uku muka yi a Tsafe, sa'an nan aka ɗora Liman a jaki, mutum biyu suna riƙe da shi dama da hagu, muka tafi Bilbis a hankali. Aka yi ta'aziyya. Iyalan marigayin suka rantse ba za a mayar da shi mota a wannan hali ba, sai ya warke a hannunsu. Ban taɓa ganin girmamawa irin ta mutanen gidan nan ba. In mai gaisuwa ya ɓullo ta hagu, sai a kama hannunsa a zagayo da shi gaba don kada Liman ya juya. Fura da ludayi ake kai masa baki. In zai duba littafi, wani daga cikin manyan ɗaliban marigayin ya ɗaga masa shi daidai ido. Yana salla a zaune, da ishara.

Ni kuwa ba wanda ya ɗaga mini komai. Ni ke jawo ruwa a rijiya, ni ke ɗumama na alwalarsa, ni ke wankin tufafinsa, ni ke zuwa kasuwa neman goro, ni ke amsa gaisuwa ta kowace kusurwa. Kwana ukun farko na sha wuya, in zan dubi gefe sai in juya da jikina duka. Abin da nake yi wa kaina ɗaya ne: in na ɗumama ruwan Liman, sai in tsoma tsumma a sauran in ɗora a ƙeyata. A rana ta tara bayan bugun ina tafe a bakin kasuwa wani ya kira ni daga baya, na waiwaya na amsa. Sai da na yi taku biyar na tuna cewa waiwaya na yi.

Na dawo na dubi Liman da kyau. Kafaɗunsa sun ɗage sun sandare, ciwon kai ba ya barinsa, ya rame, ƙarƙashin karan yana wari. Mota ɗaya, bugu ɗaya, wuya biyu: wanda aka yi wa hidima yana ƙara lalacewa, wanda aka manta da shi ya warke. Ba sai an yi karatun likita ba kafin a ga wannan.

A rana ta goma sha biyu wani ɗan koli na garinmu ya biyo ta Bilbis da saƙo. Ya durƙusa ya ce dagaci da dattawa suna gaida Liman da jiki. Ya murza hularsa, sa'an nan ya ƙarasa: in har Liman ba zai iya jan Idi ba, za a naɗa Malam Isiyaku gaba ɗaya, domin gari ba ya zama da liman mai ishara.

Liman ya ce, "Gaskiyarsu. Ni ma haka zan yanke."

Limancin nan tun kakansa yake a gidansu. Ya ci gaba da jan tasbaharsa, na sunkuyar da kai.

Washegari na yi ƙarfin hali. Na tsuguna daga bakin ƙofa ina duban ƙasa na ce, "Allah gafarta Malam, na ji labarin wani mutum da mota ta girgiza, ba a ɗaure masa wuya ba, kuma ya warke."

"Wane mutum?"

"Wani dai."

"To, Allah ya ƙara masa lafiya."

Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Ba zan iya cewa ni ne mutumin ba, ba zan iya cewa dattawan Tsafe sun yi kuskure ba, ba zan iya sa hannu a wuyan surukina ba. Na zauna na jera mutanen da ke iya gaya masa magana kai tsaye, na sami mutum ɗaya tak: Inna Hassi, taubashiyarsa, 'yar ƙanen mahaifiyarsa, tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a Tudun Wada ta Gusau. Tsakanin taubasai ba kunya, ba girma. Sai na sami masu gidan na ce ya kamata a matsar da Liman kusa da gida saboda iyalinsa. Suka yi gardama kwana biyu suka yarda. Muka koma Tsafe a jaki, muka shiga mota. Ranar ba a yi ruwa ba, shinge a buɗe yake, amma duk da haka tun daga Tsafe har Gusau idona yana kan hanyar baya.

Muka isa gidan Inna Hassi da azahar, tana tsakar gida tana matsar tunkuza. Ta ɗago ta dube shi tun daga ƙafa har rawani.

"Haruna? Wa ya saka ka cikin akurki?"

"Hassi, ki bari in zauna tukuna."

"Zauna mana. In kawo maka tsaba ko ruwa?"

Ban taɓa jin an kira shi da sunansa haka gatsau ba. Na fita waje don kada a ga fuskata. Da ta shimfiɗa masa tabarma ta biyo ni bayan ɗaki, na gaya mata komai daga shinge har saƙon dagaci, na juya mata wuyana dama da hagu ta gani.

Ta ce, "Kwana nawa yana cikin abin ga?"

"Goma sha biyar."

"Kai kuma bakinka mi ya same shi?"

"Inna, suruki ne."

"Suruki ne, sai ka zuba ido shi bushe awa kilishi. Ni ba ni yanke igiyar nan da hannuna, kada a ce Hassi ta kashe Liman don tsohuwar gaba. Gobe da sahe mu tahi a duba shi."

Liman ya ce ba ya zuwa, an riga an yi masa magani. Ta ce to, ita za ta aika ƙauye a gaya wa Isiyaku ya fara koyon naɗin babban rawani. Ƙarfe takwas na safe muna layi a ɗakin shan magani.

Malamin asibitin sunansa Malam Bawa, tsohon soja, ba ya dariya kuma ba ya gaggawa. Kafin ya taɓa karan sai da ya yi tambayoyi. Hannu yana mutuwa? Yatsu suna yin kamar tafiyar tururuwa? Ƙafa tana ja? Fitsari yana kuɓucewa? Liman ya ce a'a ga duka. Malam Bawa ya ce ya matse masa yatsu da hannun dama, sa'an nan da na hagu. Ya ɗan soka masa tsinin allura a tafin kowane hannu, Liman ya janye. Sai ya sa almakashi ya yanke igiyar. Fatar wuyan ta yi ƙuraje, ta saɓule a wuri biyu. Ya danna ƙashin gaɓa gaɓa, ya kira likita ya zo ya sake dubawa, suka yi magana da Turanci, likita ya gyaɗa kai ya wuce.

Malam Bawa ya ce, "Malam, ka san karan gero in zangarniya ta yi nauyi. In ka girgiza shi daga gindi, kan ya tafi baya ya dawo gaba. Karan bai karye ba, amma ya sha wuya a wuya. Abin da ya same ka ke nan. Nama da jijiyoyin da ke riƙe da kai ne suka miƙe fiye da ƙima. Na ga irinsa da yawa a direbobin soja."

Liman ya ce, "Maɗori ya ce kwana arba'in."

"Ɗori na ƙashi ne. In ƙafata ta karye gobe, wurinsa za ni. Kai ƙashinka lafiya lau. Hutun kwana biyu ko uku ya ishe ka, daga nan wuya motsi yake so. Da aka hana shi, sai ya sandare, naman ya yi rauni. Ciwon da kake ji yanzu rabinsa na mota ne, rabinsa na kara."

"Zan yi sujada kafin Salla?"

"Ban yi maka alkawari ba. Wasu mako biyu, wasu wata uku. Amma a cikin kara ba za ka yi ba ko shekara ce."

Ya ba shi ƙwayar asfirin da man shafawa na ƙurajen. Ya ce a gasa da ruwan ɗumi safe da yamma, bayan gashi ya juya kai dama, ya juya hagu, ya sunkuyar, ya ɗaga, a hankali, iyakar inda ciwo ya fara, kada ya wuce. Matashi kada ya yi tudu. Kada a bar kowa ya finciki wuyan ko ya murɗa shi. In hannu ya fara mutuwa ko ƙafa ta yi nauyi, a dawo da shi nan take. Na rubuta duka a takarda, na karanta masa ya ce daidai ne.

Kwana goma sha tara muka yi a Tudun Wada. Ni ke dafa ruwa, Inna ke gashi, domin hannuna ba zai hau wuyansa ba. Ranar farko kansa bai juya faɗin yatsa biyu ba, gumi ya karyo masa. Inna ta ga ba ya son yin motsin in an ce yi, sai ta canza dabara. Ta daina tsayawa a gabansa. In za ta yi masa magana sai ta tsaya a hagunsa ta tono tsohon zance: wai ranar da saniya ta kore shi yana yaro ya hau rumbu yana kuka.

"Ƙarya kike yi, Hassi, ɗan maraƙi ne kuma ban yi kuka ba."

"Dube ni ka faɗa."

Sai ya juyo don ya dube ta. Haka aka yi ta yi, yau hagu, gobe dama.

Maganar sujada kuwa mataki mataki aka bi ta. Inna ta kifa turmi a gabansa ta ce ya durƙusa ya ɗora goshi a kai. Liman ya ce a sani wannan gwaji ne, ba salla ba, sallarsa da ishara zai ci gaba da yi har goshi ya kai ƙasa da gaske. Aka yarda. Kwana huɗu yana turmi. Daga nan aka koma kujerar zaman mata, wadda ba ta kai rabin turmi ba.

A rana ta takwas ya yi abin da aka hana shi. Ina kasuwa, Inna tana suya, ya ture kujerar ya nufi ƙasa da ƙarfi. Na dawo na tarar da shi a kwance, wuya ya riƙe, ciwon kai ya dawo sabo. Da ya sami magana sai ya ce a kawo masa karansa a mayar, da su ya fi jin daɗi.

Inna ta ce, "Karan? Kokon da ka sha shekaranjiya da mi kake zaton na dafa shi?"

Na koma wurin Malam Bawa da takardata. Ya sake jera tambayoyin nan huɗu, na ce ba ko ɗaya. Ya ce to ba ɓarna aka yi ba, ciwon nan haka yake, gaba biyu baya ɗaya. A huta masa yini guda da gashi, a koma kan kujera. Haka aka yi. Kwana biyu muka rasa a nan, kuma na ji zafinsu, domin watan Zulhajji ya kusa tsayawa.

Daga kujera aka koma tabarma a naɗe, daga nan tabarma ninki biyu. A rana ta goma sha bakwai, da la'asar, ya sa goshi da hanci a kan buzu, ya ɗago da kansa ba wanda ya taimake shi. Inna ta ce ai ita ba ta gani ba, ya sake. Ya sake sau uku. Ta juya ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Muka iso gida saura kwana uku Salla. Dagaci ya zo dubiya da dattawa, suka ga wuya ba kara, amma ba wanda ya yi tambayar da ta kawo su. Liman ya ce Malam Isiyaku ya ci gaba da jan salloli biyar, a haɗu a filin Idi. Filinmu ba buzu ba ne a tsakar gida. Ƙasa ce mai tsakuwa, ga gangare, kuma an yi ruwa ana gobe Salla.

Da hantsi sahu ya daidaita, Liman ya shiga gaba. Ina sahu na uku. Zan faɗi gaskiya, Allah ya yafe mini: a sujadar farko hankalina ba ya kan tasbihi, yana kan kunnena. Muka sa goshi a ƙasa, na yi ta jiran kabbararsa. Ta daɗe fiye da yadda muka saba. Sa'an nan ta zo, da cikakkiyar murya. Sau huɗu aka yi haka, sau huɗu ta zo. Da ya yi sallama ya juyo ya fuskanci jama'a, akwai jar ƙasa a goshinsa da kan hancinsa, bai share ba. Malam Isiyaku ya tashi ya miƙa masa sandar huɗuba da hannu biyu, ya koma sahu ya zauna.

Ban ce ya koma kamar da ba. Har yanzu hagu ba ta juyuwa kamar dama, in an yi sanyin safiya yakan sa a ɗumama masa ruwa. Malam Bawa ya ce da an bar shi ya motsa tun makon farko, da bai kai haka ba. Kwana goma sha biyar ɗin nan ba laifin mota ba ne. Mu muka ɗaura masa su don muna ganin girmansa, ni kuma na ga gaskiya tun rana ta tara na rufe baki har kwana shida.

Saboda haka ga roƙona gare ka, mai karatu. Motoci suna ƙaruwa a hanyar nan, kuma dattawa ake ba gaba. In mota ta girgiza babbanka, ko ya ce lafiya lau yake, ka duba shi washegari, ka kai shi a bincika ƙashi da hannuwa kafin kowa ya ɗaura masa wani abu. In an ce ƙashi lafiya, ka bar shi ya riƙa juya wuyansa da kansa, kada ka zagayo masa da masu gaisuwa. In kuwa wanda kake jin nauyinsa ne har bakinka ba ya buɗuwa, to kada ka zauna kana lissafin kwanaki kamar yadda na yi. Ka tashi a ranar ka nemo wanda ke iya gaya masa.